Gwadon da Kaka Ke Shanyawa a Danga

A gidanmu na unguwar Turaki mu biyu ne kacal, ni da kakata. Uwata ta rasu ina goye. Babana kuwa, Sule, kuku ne na wani Bature, aka yi wa Baturen canji ya bi shi, tun ban iya ɗaura zane ba. Idan an idar da magariba Kaka takan hura wuta a tsakar gida ta ce, "Ga wata nan tafe." Ni kaɗai ke amsawa, "Ta ƙaraso mu ji." Ta bayan danga ina jin yaran maƙwabta suna amsa wa tasu kakar su goma, abin yana ci mini rai.

Sau ɗaya tak saƙon Baba ya iso. Wani falke daga garin Mutum Biyu ya kawo sabulu naɗe cikin ƙyallen ulu. Ƙasansa kore ne mai duhu, ga faffaɗan layi shuɗi, ga baƙi, ga siririn ja, kuma duk layin da ya tafi a tsaye sai ya sake tafiya a kwance, suna gicciye juna.

"Sule ya ce zanen Baturensa ne," in ji falken. "Wai can ƙasarsu kowane yanki da nasa saƙa. Ko ina mutum ya je, ɗan'uwansa ya gani ya san shi."

Kaka masaƙiya ce, Bazazzagiya, kuma in ta riƙe magana ko jaki bai fi ta taurin kai ba. Ta ƙi yarda cewa naɗin sabulu ne kawai. Ta ce alama ce ɗanta ya aiko. Ta warware gefen ƙyallen ta ƙirga zarensa ɗaya-ɗaya. Shuɗi ta samu a baban rini, ja a karan dafi, koren ne ya ba ta wuya, sai da ta rina rawaya ta sake tsoma shi a baba. Wata uku ta yi tana saƙa irin ƙyallen kafin ta sauke gwadon. Daga ranar kullum da hantsi sai ta shanya shi a dangar da ke kallon hanya. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin cewa alamar garin Baturen ce take shanyawa ba.

Tun daga nan tatsuniyarmu ta koma guda ɗaya. Wai wani saurayi ne 'yan ruwa suka ɗauke, suka wanke masa ido har ya manta fuskar uwarsa da hanyar gida. Abu ɗaya ya rage masa, launin zanen da aka goya shi da shi. Uwar ta saƙa irinsa ta shimfiɗa a bakin kogi. Kada ya zo ya ce nasa ne, ta kore shi. Dorina ta zo, ta kore ta. Sai ran nan ruwa ya motsa...

A nan Kaka take tsayawa, ta hau gyara itacen wuta.

"Kaka, shi ne ya fito?"

"Ke Ladi, kin cika gaggawa. Tashi ki rufe kaji."

Wata rana na yi fushi na ce mata rowar tatsuniya gare ta, kakar maƙwabta tana kai tata ƙarshe. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ita nata 'ya'yan suna gida."

Ban gane ba a lokacin, haushi kawai na ji. Baba bai dawo ba, ba mu kuma ji mutuwarsa ba. Kaka ta rasu ina da ciki na fari, gwadon ya koɗe har jan ya ɓace.

Sai da nawa ɗan ya tafi Ikko ya yi shekara babu wasiƙa, jikata, 'yarsa, ta tambaye ni yaushe zai dawo, sannan na gane. Ashe ba rowa Kaka ta yi mini ba. In ta ce saurayin ya fito, ta yi wa marainiya ƙarya. In ta ce bai fito ba, ta kashe ɗanta da bakinta. Ni ma na ce wa yarinyar ta tashi ta rufe kaji.