Ƙofar da Baba Modu Ya Ƙi Bari

"Baba, hau mu tafi!"

Babur ɗina yana kunne a ƙofar zauren Baba Modu, ƙafata ɗaya a ƙasa. Harbi na tashi ta gabas, wajen gidan gona. Ta yamma, ta titi, wani harbin na amsawa, shi ya fi nauyi, har cikin hanjinka kake jin sa. Mu muna tsakiya. Mata na gudu da yara. Na ga wata da tsintsiya a hannu, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Shi kuwa tsohon nan yana zaune a dakalinsa, ya riƙe ƙyauren zaure da hannu ɗaya kamar wani zai ƙwace masa.

"Je ka ɗauki innarka, Sabi'u," ya ce. "In aka sako Bukar, nan zai zo."

Na ce, Baba, wa zai saki wani yau? Ya ƙara damƙe ƙyauren.

Bari in koma baya saboda wanda ba ya nan. Ina ji a rediyo ana ta tambayar me ya sa aka daɗe ba a kama mutumin nan ba, shugaban 'yan bindigar da ya ɓuya a garinmu. Wani mai sharhi har cewa ya yi mu 'yan ƙauye ne muka ɓoye shi. Wallahi da rediyon nawa ne da na fasa shi a wurin.

Garinmu yana tsakanin Dawakin Tofa da Makoda. Mu ba mu da daji. Gona na jikin gona, gida na hango gida, in ka yi tari maƙwabci ya ji. Ni na bar makaranta a aji biyu na sakandare, zama a benci ba ya yi min, na kama acaɓa. Don haka babu hanyar da ban sani ba a yankin nan.

A gabashin gari akwai gidan gonar wani Alhaji na birni. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe. Da can kaji yake kiwo, ciwo ya shiga suka mutu, ya bar wurin da maigadi. Ba ma ganin sa sai dai mu ji labari. Damina biyu da suka wuce sai aka canja maigadi. Sabon ba ya zama a shayi, ba ya zuwa masallacinmu. Amma yana aike. Ni nake kai masa kaya bakin ƙofa: burodi, ruwan leda, katin waya, maganin ciwon ƙafa. Burodin da yake saya, mutum ɗaya ba zai cinye ba ko da aljani ne.

Rannan ya buɗe ƙofa zai karɓi kaya, sai na hango mutum a gindin mangwaro, yana ɗingishi, yana waya. Ya juyo muka haɗa ido. Fuskar nan kowa yana da ita a wayarsa, hoton da ake ta turawa an ce ana neman sa ruwa a jallo. Na karɓi kuɗin aikena na ja babur. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Masu gona a jikin katangar su ma sun gani. A gari ba a kiran sunansa. Baƙon Alhaji muke cewa.

To, mun ɓoye shi? Mai unguwarmu da ƙafarsa ya je ya gaya wa dagaci. Dagaci ya kai gaba. Daga can ma aka kai gaba. Kafin magana ta je inda za ta je, mai sayar da ƙosai a bakin titi ma ta san za a zo.

Masu kaki suka zo da rana tsaka, motoci a jere, da jiniya. Jiniya fa! Tun daga kwanar titi ake jin ta. Suka tsaya ƙofar dagaci tukunna. Lokacin dawa ta fi mutum tsawo, mai babur ma in ya shiga ba ka ganin sa. Ko da suka isa gidan gona maigadi kawai suka tarar, yana shara. Ya ce a kira Alhaji. Aka kira Alhaji a waya. Ban san me ya ce ba, na dai ga babbansu yana cewa to ranka ya daɗe, suka ja ƙofa suka fito.

Amma ba su son komawa hannu biyu. Sai ɗaya ya tambaya, su waye 'yan gabas a garin nan?

Baba Modu mutumin Barno ne. Ya zo garinmu tun babana bai yi aure ba. Wake yake saya ya kai Dawanau, har ƙarfi ya ƙare ya zauna. A nan ya binne matarsa. Bukar ɗansa a nan aka haife shi, tare aka yi mana kaciya, Barbarci ma in ban da gaisuwa ba ya ji. Ni nake tsokanar sa da Babarbaren bogi, shi kuma ya ce min jakin Kano mai taya biyu. Ranar yana gyaran waya a rumfarsa. Suka ga wayoyi a gabansa, suka tambayi sunansa. Ya ce Bukar Modu. Shi ke nan. Aka jefa shi bayan mota da takalmi ƙafa ɗaya. Suka ce tambayoyi ne kawai.

Tun daga ranar Baba Modu bai sake rufe zaurensa ba. Ko masallaci zai je sai ya ce wa yara su zauna a dakali, kada Bukar ya zo ya ga ba kowa.

Baƙon Alhaji kuwa, da aka yi girbi fili ya buɗe, sai ya ɓace. Muka ce Allah ya raka taki gona... a'a, ba mu ma ce komai ba, ajiyar zuciya kawai muka yi. Da aka yi shuka dawa ta tashi, sai ga aiken burodi ya dawo. Na gane lissafinsa. Da dawa yake zuwa, da dawa yake tafiya.

Dattawa suka zauna bayan sallar Juma'a suka ce kowa ya kama bakinsa. Wancan karon mun faɗa an ɗauke mana yaro, wannan karon wa za a ɗauka? Ni ban yarda ba. Tunanina, in aka kama na gaskiya dole a sako Bukar. Na hau babur na tafi ofishin masu kaki da kaina. Na ce na san inda yake, ku zo ba jiniya, ku biyo ta hanyar gona, ni zan shige gaba.

Wanda ke kan tebur ya dube ni ya ce, kai ya aka yi ka san shi? Na ce aike nake kaiwa ƙofar. Ya ce au, kai ne mai kai masa abinci ke nan. Na kwana a bayan kanta. Sai da aka kira mai unguwa ya zo ya yi ta roƙo aka sake ni, da shatin bulala a baya. Ina dawowa gari, washegari maigadin ya tare ni a hanya. Ya ce, Sabi'u, an ce ka je gaisuwa ofis, ya mutanen can? Yana murmushi. Ban gaya wa kowa zan je ba. Ko Inna ba ta sani ba.

Yanzu ka gaya min, wa zai sake zuwa?

Da kaka ta zo, maigadin ya je wurin mai unguwa ya ce baƙo ya ce a bar dawar gabas a tsaye, kada a yanke sai ya ba da izini. Mai unguwa ya ce to. Amma ya za a yi? Mu a nan tare ake yankan dawa. In kowa ya kwashe, ana sakin dabbobi cikin gonaki, wanda ya bar tasa a tsaye ya ciyar da awaki ke nan. Ga tsuntsu ya sauka. Aka jira, aka jira, abincin shekara yana zuba a ƙasa. Masu gonakin suka ce su dai gobe za su shiga.

Safiyar ranar lafiya lau. Na yi asuba, na sha koko, na kai wata mata da buhun gyaɗa bakin titi. Da na dawo na wuce Baba Modu yana shan hantsi, ya ce in na je birni in tambayo masa ko an ji wani abu. Kullum haka yake cewa. Ta gabas kana jin sara, kaf, kaf, mutane na kwantar da kara. Katangar gidan gona da ba a gani tun damina ta fara fitowa fili.

Wajen ƙarfe tara sai muka ji jiniya.

Wallahi ba mu muka kira su ba. Har yau ban san wa ya kira ba. Amma yaran baƙon da ke cikin gidan gona da bindigogi me za su ɗauka? Ga dawa ana kwantarwa, ga motoci na zuwa. Suka ce mun sayar da su. Ƙofar ƙarfen ta buɗe. Harbin farko a kan masu yanka ya sauka. Na ji wani yana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Wasu suka kwanta, wasu suka zubar da lauje suka yo gari. Yaran suka biyo su. Masu kaki ba su ƙaraso ba, a bakin titi suka ja daga suka buɗe wuta ta saman gidajenmu.

A nan ne na tsaya ƙofar Baba Modu. Na roƙe shi sau nawa ban sani ba. Na sauka na kama hannunsa, ya fizge. Tsoho ne amma ƙyauren nan ya riƙe shi da gaske. Harsashi ya daki katangar maƙwabcinsa, ƙasa ta zubo mana a kai.

"Na ce ka tafi!" Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar.

Na ce zan dawo, Baba, yanzun nan. Na tafi.

Inna tana tsakar gida tana neman ɗankwali. Na ɗora ta haka nan. Na ɗora yaran maƙwabta biyu a kan tanki, uwarsu ta miƙo min su ta katanga. Ban bi titi ba, na bi ta gonakin arewa da aka riga aka yanke. Kututturen kara na dukan taya. Yaran ba su yi kuka ba, ɗayan dai ya yi fitsari, na ji ɗumi a cinyata. Inna tana ta Innalillahi a bayana, ta riƙe rigata har ta yage. A hanya mun wuce mutane a ƙafa, wani da akuya a kafaɗa, wata tsohuwa a baro jikanta na turawa. Duk wanda na wuce sai ya kira sunana. Ba wuri.

Na sauke su a makarantar firamare ta garin gaba. Na juya zan koma, sai ga shinge. "Kashe babur! Sauka!" Na ce akwai tsoho a ciki, minti kaɗan ne. Suka zare makulli. Suka ce ba mai shiga, an hana babur. Na ce to ku ku je, gida na uku daga masallaci, zaurensa a buɗe yake. Ɗaya ya nuna min ƙasa da bakin bindiga. Na zauna. A nan na yi azahar da taimama, ina jin harbi na raguwa. Kafin la'asar ya tsaya. Shirun ya fi harbin ciwo.

Sai washegari da hantsi aka bar mu muka shiga, a ƙafa. Gari ba kowa sai kaji. Rumbuna biyu sun ƙone. Dawar da aka yanke tana nan kwance yadda aka bar ta, awaki sun shiga.

Baba Modu yana dakalinsa. Ya jingina da bango, hannunsa na jikin ƙyaure. Da farko na ɗauka barci yake. Harsashin ta ina ya zo, gabas ko yamma, ba wanda ya iya faɗa min. Ba kuma wanda ya zo ya tambaya.

Mutum huɗu muka binne ranar. Uku daga gona, sai shi. Ni na riƙe makara ta wajen kai, inda Bukar ya kamata ya riƙe.

Baƙon Alhaji fa? An ce tun kafin asuba ya fice. Wani ya riga ya gaya masa, kamar kullum. Yaransa kawai ya bari. Sai bayan wata da watanni muka ji an gama da shi a wata jiha can nesa. A rediyo aka ce aikin sirri ne na dogon lokaci. Alhaji mai gidan gona ya sa an yi wa katangarsa sabon fenti.

Na ɗauka yanzu za a sako Bukar. Na je na tambaya, aka ce ba a nan yake ba. Na je inda aka ce, aka ce in dawo. Har yau.

Ban iya zaman garin ba. Ina Dawanau yanzu, ina ɗaukar 'yan kasuwa. Wayar Bukar tun ranar da aka tafi da shi a kashe take, amma na tura masa saƙo, ko Allah zai sa wata rana a miƙa masa ita ya kunna. Ga abin da na rubuta:

"Bukar, Sabi'u ne. In ka ga wannan kada ka wuce gida kai kaɗai, ka kira ni tukunna. Baba ya rasu da kaka. Bai gudu ba, yana ƙofa yana jiran ka. Na yi na yi ya hau babur ya ƙi. An yi masa sutura yadda ya kamata, yana kusa da innarka. Zauren ban rufe ba, Inna tana sharewa. Takalminka ƙafa ɗaya yana wurina. Ko ina suka sauke ka ka kira, akwai mai a babur."