Wayar Giyar da Ba Ka Canza Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ranka, Yaya. Kwana tara kawai ka yi a kwance, kai da ka shekara talatin a tsugune gaban kekunan mutane.

Ni da kai ba ma'abota hira ba ne. Tun rasuwar Baba, abin da ke kawo ni rumfarka shi ne giyar bayan kekena. Sai in kama hawan da ke kan hanyar makarantarmu, in danna giya, kaca ta yi ta ƙaraf-ƙaraf tsakanin haƙora biyu, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Ni kuma da ɗan banzan karambani, sai in ɗauki sukurudireba in matse ƙananan kusoshi biyu da ke jikin giyar. Kana gani za ka girgiza kai ka ce, "Auta, kai da alli aka sani. Wa ya aike ka nan?"

Ba ka taɓa fara gyara da ƙarfe a hannu ba. Sai ka rataye keken, ka tsuguna ta baya, ka rufe ido ɗaya ka duba ko ƙarfen da ke riƙe da giyar ya karkace. Sannan ka juya feda a hankali, kunnenka dab da kaca, kana murɗa wayar giya kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Aikin minti biyar ne, amma sai ka ja shi awa guda, kana tambayata yara da jikin maiɗakina. Bayan sati biyu sai matsalar ta dawo. Har gunaguni na sha yi a raina, wai hannunka ya fara tsufa. Ka yafe mini.

Shekaranjiya ni da matarka muka buɗe rumfar don mu kwashe kaya. A cikin gwangwanin da kake ajiye notuna da kusoshi ta ciro sabuwar wayar giya, a naɗe cikin ledarta, ta miƙo mini. Ta ce, "Taka ce. Ta fi shekara a nan. Ya ce tsohuwar ta saki, ita ce ciwon kekenka. Na ce to ka canza masa mana, sai ya ce, idan na canza yaushe zan ƙara ganinsa?"

Tsakanin gidana da naka tafiyar minti ashirin ce, Yaya, amma sai keke ya lalace nake zuwa. Wallahi ina kewarka, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka huɗu da sauran 'yan'uwa ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ƙofar gidanka kuwa, in Allah Ya yarda, ba za ta ƙara jiran wani dalili ba kafin ta gan ni.