Kilinyotan a Cikin Zaure

Maigidana ɗan kabu-kabu ne a Filinge, ko in ce ya taɓa zama. Ranar kasuwar Bonkuku yana can, ranar ta Damana yana can, ya ɗauko mutum da buhunsa, wani lokaci har da akuya a cinya. Babur ɗin nan ne ya riƙe shi a gida lokacin da sa'o'insa suka yi ta kwarara arewa haƙar zinariya.

Mutum ne mai son kwalliya, amma ba tawa ba. Ni ban taɓa ganin ɗan kunne daga Yamai ba, babur kuwa ya samu tsaraba: wani direba ya kawo masa kilinyotan, ƙananan fitilun nan masu nuna hagu da dama, irin na zamani da ake kira led. Bai kai ga ɗaura su ba aka hana hawan babur a yankinmu, saboda masu bindiga da ke shiga ƙauyuka a kansa. Aka turo namu cikin zaure, hancinsa na kallon bango.

A nan ya ɗaura su. Ya kwance tsofaffin ƙwayayen, ya haɗa waya, ya murɗa makulli. Sai fitilun suka kama ƙiftawa da sauri-sauri kamar idon da yaji ya faɗa wa.

Na ce, "Maigida, ina za ka da wagga gaggawa? Bango na gabanka."

Bai yi dariya ba. Ya aika aka kira makaniken unguwarmu, wanda shi ma dokar ta mayar da shi mai gyaran injin niƙa. Ya tsuguna ya duba, ya ce, "Ba abin da ya lalace. Akwai ɗan akwati ƙarƙashin kujera, shi ka lura da wutar da ƙwai ka sha. Tsohon ƙwai na shan wuta da yawa, wanga sabo ba shi shan komi. Sai akwatin shi zaci ƙwan ya mutu, shi yi ta ƙibtawa don shi gaya maka." Maganin, in ji shi, wani ɗan ƙarfe ne mai suna rezistans, wanda ke shan wuta a banza don babur ya ɗauka komai daidai ne. Babu shi a Filinge, sai an yi saƙo Yamai.

Ni kam ban so saƙon ya iso ba. Gero na ja da baya a rumbu, abokansa na kira daga arewa, kuma na san muddin akwai abin gyara a zauren nan, yana da dalilin wayar gari a gidansa. Rezistans na farko da aka kawo bai dace ba, ya yi zafi har ya narkar da robar gefen kujera. Maigidana ya yi ta faɗa, ni kuma na dama masa fura da farin ciki a raina. Ya sake yin saƙo, muka sake jira.

Na biyun ya dace. Suka ɗaure shi a jikin ƙarfen babur inda zafi ba zai yi ɓarna ba, aka murɗa makulli, fitilun suka riƙa ƙiftawa a natse, hagu, sannan dama. Makanike ya share hannu ya ce, "Sai dai ka sani, daga yau ko hitila ta mutu da gaske, babur ba shi ƙara gaya maka. Sai ka sabka ka duba da idonka."

Maigidana ya daɗe zaune a kan turmi yana kallonsu. Ya shafa tanki, ya matsa birki, ya nemi wani abin da zai taɓa bai samu ba. Tun a lokacin na san tafiya zai yi.

Kafin damina ya bi motar arewa. Ya koya mini yadda zan riƙa tada injin ranar Juma'a kada batir ya mutu, ya ce da an ɗage doka zai dawo. Yanzu ƙaramar 'yarmu da ya bari a goye tana zuwa rijiya da ƙafarta. Yakan aiko da murya ta waya, kullum maganar ɗaya ce: "Uwar yara, lahiya lau nike, komi lahiya." Ba ya gaggawa, muryar ba ta rawa.

Wata Juma'a na tada babur, na kunna kilinyotan na hagu, na gaba yana ta ƙiftawa a natse kamar kullum. Tsintsiya ce ta kai ni bayansa, sai na ga na baya ya mutu, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Da la'asar saƙonsa ya shigo. Na saurara, na sake saurara, na manna wayar a kunne ko zan ji tari, ko wani nishi a bayan maganar. Ban ji komai ba sai lafiya lau. Babur dai ina iya zagayawa bayansa in duba. Shi kuwa ban ma san sunan ramin zinariyar da yake ciki ba.