Murya Ta Dawo, Waƙar Tana Hannun Fuseini

Salamu alaikum jama'a. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun ce na bi hanyar Libiya, wasu sun ce na tuba da kiɗa. Ina nan unguwarmu Tafo, murya ce ta tafi.

Ga wanda bai san ni ba, Sule ne mai gyaran firij, mawaƙin 'yar ƙungiyarmu ta kiɗan rok.

Muna da wata tsohuwar waƙar biki ta zamanin iyayenmu. Ba mu muka ƙirƙire ta ba. A bakin mahaifiyata, Mma, na koya, muka ɗora mata gitar lantarki da ganguna. Ranar da muka fara yin ta a fili, da Sallah a Asokore Mampong, tsofaffin da suka zo yi mana faɗan hayaniya su ne suka gyara ɗaurin zani suka shiga rawa. Akwai wani wuri a tsakiya da nake cilla murya sama, filin ya ɗauka gaba ɗaya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Bayan nan dishewa ta fara. Na tauna citta da kanumfari, na sha zuma da lemon tsami. Ta lafa, ta dawo. Har ta kai in kira yaron shago bai ji ni ba.

A babban asibiti, bayan dogon layi, likita ta zura mini siririyar roba mai kyamara ta hanci. Ta ce, "Akwai tsiro a jijiyar muryarka. Za mu cire mu kai gwaji." Na ce cutar kansa ce? Ta ce sai sakamako ya fito.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Katin inshora bai ɗauke komai da komai ba, lasifikata na sayar.

An yi tiyata lafiya, kuma ba kansa ba ce. Alhamdu lillahi. Likita ta ce, "Ba magana, ba raɗa, ba gyaran murya. In ka kiyaye, kafin Sallah ka warke."

A zango, unguwarmu ta Hausawa, za a ce kar mutum ya yi magana?

'Yan dubiya suka cika gida. Kowa ya ce sannu, ya tsaya yana jiran yauwa. Samari dai ina ɗaga musu hannu. Amma da dattawan masallacinmu suka zo, Mma ta zungure ni. "Sule, amsa mana. Za su ce ɗana ba ya da tarbiyya."

Na amsa. Ɗaya bayan ɗaya, har da yaya gida, yaya kasuwa. Washegari na ga jini a tofina.

Likita ta ɗaure fuska ta ƙara mini makonni. Daga nan Mma ta dasa kujera a bakin ƙofa tana ce wa kowa, "Yana amsawa a zuci."

Sallah ta zo ina kwance. Fuseini, abokina tun makarantar allo, wanda shekara da shekaru amshi kawai yake yi mini, shi ya riƙe makirfo.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya kunna mini bidiyon a waya, wai don in ji daɗi. "Cale, abokina, duba waƙanka! Fuseini ya kashe shi, ya burge kowa!" Ina kallo, ina murmushin dole. Wurin nan nawa na tsakiya, ya kai shi sama fiye da ni, har ya ƙara wata 'yar karkarwa a ƙarshe. Tsofaffin nan nawa suna ta liƙa masa.

Kishi ne, jama'a, ba wani suna. Na yi ta sauraro ina neman inda ya kauce. Bai kauce ba. Ga shi ko tsaki an hana ni.

Yanzu muryar ta dawo, amma ta yi kauri. Da muka koma gwaji, Awudu mai gita ya sauke kiɗan ƙasa don ya dace da ni. Na rera, ba laifi. Sai dai babu wanda ya ɗago ya kalle ni. Ni da bakina na ce a mayar da kiɗan inda yake.

Fuseini ya ce, "Sule, wallahi aro na yi."

Na ce riƙe.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata da nas-nas, da duk wanda ya taka ya zo. Na gode wa Fuseini ma, ko da yake sai da na goge sunansa na sake rubutawa.

Dishewar da ta ƙi tafiya, ku kai ta asibiti, citta ba ta cire tsiro. In likita ya ce ku yi shiru, ku yi shiru, ko wa ya shigo. Masu dubiya kuma, ku yi sannu ku yi addu'a ku yafe amsa.

Maƙogwaro ya warke. Kishin ne da saura. Yau da safe na ji Mma tana dama koko tana rera waƙar, har da 'yar karkarwar nan ta Fuseini.