Fangali Huɗu da Malam Isa Ya Hana Taki

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Malam Isa, wanda na yi wa leburanci a wata gonar gwaji kusa da garin Ghuddwa, can ƙasar Larabawa, lokacin da kuɗin fetur ke malala a Sabha har direban tasi ke zaɓen wanda zai ɗauka. A zamanin nan duk yankin Fezzan babu manomi kamata. In na yi tari kusa da alkama, sai ta ƙara taƙi guda.

Aikin Malam shi ne gano takin zamanin da ya dace da ƙasar. Iri uku aka kawo. Ya yanka fili fangali goma sha shida, layi huɗu, daga bakin rijiya har can inda gishiri ya ci ƙasa. Kowane layi yana da iri ukun nan, da fangali ɗaya da ba a sa wa komai. Rabon kuwa ƙuri'a ce: ya rubuta a 'yan takardu, ya zuba a hularsa, ya ce in ɗauko.

Na ce, "Malam, noma muka zo yi ko caca?"

Ya ce, "Habu, in na zaɓa da kaina, takin da nake so zan kai bakin rijiya ban ankara ba. Hula ba ta da ɗan gida."

Ya sha gaya mini cewa ko fangali biyu da aka yi wa hidima ɗaya ba sa ba da awo ɗaya. Don haka sai ratar da ke tsakanin taki da taki ta zarce wannan 'yar ratar ta kullum kafin ya yarda. Ina gyaɗa kai, hankalina na kan shayi.

Wata biyu da shuka, huɗun nan marasa taki suka yi rawaya kamar masu ciwon shawara. A garinmu, can Damagaram, gona mai yunwa abin kunyar mai ita ne, ga mutanen Ghuddwa na wucewa suna nunawa da baki. Wata Juma'a da Malam ya shiga Sabha, na ɗebi taki na watsa musu. Har na sa rai da lada.

Da aka girbe aka auna, masu taki da marasa taki kusan kai ɗaya. Mudir, wato shugaban gonar, ya riga ya cika wa manyansa baki. Bai tambayi yadda aka yi ba, bai ce a sake ba. Ya tara ma'aikata, ya ce baƙon nan, wato Malam, wasa da hula kawai ya iya, ya kore shi. Ni kuma, mai bakin da ake ji daga Ghuddwa har Agadas, ina tsaye ban ce uffan ba. Da shekara ta zagayo mudir ya zuba takin da yake so a fangali ɗaya tak, a bakin rijiya, ya kira masu hoto. Aka tafa masa! Malam kuwa ya ƙare yana awon dabino a kasuwa.

Abin da ke ƙona mini rai, har yau masu halin mudir ne ke cin kasuwa. Dillali zai nuna maka gona ɗaya shar, ya rantse takinsa ne ya yi haka. Ina wadda ba a sa wa ba? Sau nawa aka gwada? Da Malam na nan, da tambaya biyun nan zai watsa taron. Abin da ya rage nasa shi ne wasu manoma a Wadi Bawanis da ke barin fangali ɗaya haka nan don kwatance, yawancinsu ba su san wa ya koya wa iyayensu ba.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na iya zuwa na faɗa masa abin da na yi. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ya dube ni ya ce, "Mudu nawa ka zuba wa kowanne?"

"Ban auna ba, Malam."

Ya juya fuska bango. "Kai Habu. Da ka auna, da mun sami abin rubutawa. Ko ɓarnar ma ba ka iya ba."