Ranar da Aka Yi wa Almakashi Faɗa

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Almakashi kowa ke ce mata, don tela ce, kuma don bakinta ya fi ƙarfen kaifi. Da keken ɗinki ɗaya ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ta kuma yaye 'yan koyo birjik, kowannensu yana da labarin ranar da ta ja masa kunne. Doka ɗaya ce ba ta yi wa sassauci: almakashin yadi ba ya taɓa takarda, don takarda dakushe shi take yi.

Da 'ya'yan suka kawo ƙarfi sai suka karɓe shagon da sunan tausayi. Babban ya sayo kujera mai laushi ya ajiye a kusurwa, wai Mama ta huta. Mace da idonta da hannunta lafiya lau, a zaunar da ita tana kallon ana ɓata yadi! Wannan takaicin ne ya sa da ta ji wata ƙungiya na neman 'yan sa kai su je wata ƙasa koyar da ɗinki, ta ba da sunanta ba ta shawarci kowa ba. Ƙaninta ya yi lallashi har ya gaji, ta ce in kujerar ta ba shi sha'awa ya zo ya zauna.

Cibiyar da aka kai ta wani dogon ɗaki ne a bayan asibiti, kekuna jere a jikin bango, teburin yanka a tsakiya. Abu na farko da matan cibiyar suka kawo mata kujera ce mai laushi, har da matashi. An gudu ba a tsira ba.

Mutanen kirki ne, kuma nan ne abin ya fi ciwo. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In allura ta faɗi, kafin ta sunkuya an riga ta. Kofinta daban, can saman kabad. In ta nuna musu yadda ake haɗa hannun riga su gyaɗa kai da murmushi, tana juya baya su warware su ɗinka yadda suka saba. Shugabar cibiyar, wadda da ita kaɗai suke jin yaren juna, ta ce ai baƙuwa ce, ba a ja da baƙo. Almakashi ta ji kamar ta kurma ihu. A wurinta, wanda ba a yi masa musu ba a ɗauke shi bakin komai ba. Ko kayan akwatinta ba ta kwashe ba, ta ƙudura ƙarshen wata za ta koma. In dai zaman kujera ne, gara ta gida.

Wadda ta fi ƙona mata rai ita ce Iya, tsohuwar da ke kula da teburin yanka. Daga yadda take riƙe yadi ka san tela ce ta gaske. A idonta Almakashi take ganin ba ta yarda da rabin darasin ba, amma sai ta rusuna ta koma teburinta. Iya na da wani baƙin almakashi mai nauyi, ɗaure da igiya a jikin tebur, ba mai taɓa shi.

Wata rana da hantsi Almakashi ta tarar an sake warware hannun rigar da ta haɗa. Idonta ya rufe. Ta ce yau za ta yanka musu samfuri a kwali, ta ga ta inda za su kauce. Ta jawo kwali ta zana, ta miƙa hannu ta ɗauko almakashi ba ta duba ba, ta kama yanka. Sai da ta kai rabi ta ji kekuna duk sun tsaya.

Iya ta taso, babu murmushi ko na magani. Ta fizge almakashinta ta gwada a ƙyalle, ya tauna maimakon ya yanka. Nan ta shiga zazzaga masifa da yarenta, tana buga tebur, tana nuna baƙuwar da yatsa har ya kusa taɓa hanci. Shugaba ta rugo za ta ba da haƙuri, Almakashi ta ɗaga mata hannu ta tambaye ta abin da tsohuwar ke cewa.

Shugaba ta yi ta inda-inda. “Ta ce ko 'yar koyon jiya ba za ta yi haka ba. Wai wa ya koya miki ɗinki?”

“Ki ce mata ta yi gaskiya, na ci amanar almakashi,” in ji Almakashi. “Ki kuma ce mata hannun rigarta buhu ne.”

Ai kuwa aka dasa. Wannan ta ja yadi, waccan ta ja, kowa da yarenta, alli na tashi, har rana ta take ba wadda ta sauko. Daga ƙarshe Iya ta turo mata dutsen wasa wuƙa, ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu har sai da almakashin ya dawo hayyacinsa.

Washegari Almakashi ta tarar an jibge yaduka a kan kujerar, kofinta na cikin sauran ba a wanke ba. Iya ko gaisuwar kirki ba ta yi mata ba, ta nuna mata tsintsiya da haɓa.

Da yamma ƙaninta ya bugo waya yana tambayar ranar dawowarta, da yadda mutanen ke riƙe ta.

“Masifaffu ne,” ta ce, tana jera kayan akwatinta a kabad. “Ka ce wa yaran su daina jirana.”