Wanda Zai Wanke Ƙafar Kaka

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, bayan sallar la'asar, a zauren gidan mahaifina da ke Masanawa. Mu uku ne: Baba, da ƙaninsa da muke kira Baffa, da ni. Na je ne in sanar cewa na sami gurbin karatun digiri na jinya a Kano, kuma ana so in ba da amsa kafin wata ya ƙare.

A lokacin na yi 'yan shekaru da gama makarantar koyon jinya, ina aiki a wani asibiti a Gwarzo. Takardar da nake da ita ta isa in yi allura, in sa ƙarin ruwa, in kula da marasa lafiya, amma akwai matakin da ba a wucewa da ita. Mai digiri ake ba shugabancin ɗakin marasa lafiya, shi ake kira ya koyar. Wasu da na riga shiga aiki sun tafi sun dawo, ni nake fara gaishe su. Karatun na shekara biyu ne, kuma zama ake yi a can.

Da Baffa na yi maganar, Baba yana gefe yana gyaran igiyar maruƙa. Ni ɗan fari ne. A gidajenmu, da kakanninmu makiyaya ne, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya kallon idonsa, ba ya nuna ya damu da sha'aninsa. Fulatanci ya bar bakinmu, shanu sun ragu, amma wannan kunyar tana nan. Tun da na yi wayo ban ji sunana a bakin Baba ba. In ta kama dole, "wancan" yake cewa.

Da na gama, Baffa ya juya ya ce, "Yaya, ka ji abin da ya zo da shi."

"Na ji ana magana," in ji Baba. Ya ƙulla igiyar, ya ja ya ga ta kama. "Ka gaya masa ba nawa ba ne. Ya je ya tambayi mai shi."

Mai ni ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wurinta a Mainika, a tsohon gidan kakanmu inda take zaune da iyalin Baffa, ban kuma koma ba. A shekarar da nake magana tana fama da ciwon suga. Ƙaya ta soke ta a tafin ƙafar hagu ba ta ji ba, wurin ya zama gyambo. Kullum da safe, kafin in hau babur zuwa aiki, ni nake wanke shi in naɗe. Na san ƙarshen irin wannan gyambo in aka yi masa sakaci. Na sha riƙe ƙafar da ake yankewa a asibiti.

Ba wanda zai karɓe ni. Baffa fataucin shanu yake yi, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, kuma in ya ga ruwan ciwo jiri ke ɗaukarsa. Matarsa suruka ce, Kaka ba za ta miƙe mata ƙafa ba ko da ƙafar za ta faɗi. Ɗakin shan magani na kusa kuwa sau ɗaya ta je, ta ce ba ta komawa yara su yi ta juya ta.

Washegari ina cire tsohon bandeji ta ce, "Maigida, an ce za ka sake ni ka tafi birni." Haka take kirana, wasan kaka da jika.

"Ba saki ba ne, karatu ne."

"Wancan da ka yi bai ƙare ba? Allurar ce har yanzu ba ka iya ba? Dama ni na faɗa, hannunka da nauyi."

"In na tafi wa zai wanke ƙafar?"

"Wanda ya halicce ta. Tafi abinka. Mijin da bai taɓa kawo cefane ba, in ya tafi me aka rasa?"

Ta yi dariya, na gama naɗi. Wurin ya ɗan yi ja a gefe ranar, na lura da shi.

Na yi kwanaki ina auna abin. Gurbin ba ya jiran mutum, kuma ba kowace shekara ake ba ma'aikaci izinin tafiya ba. Amma gyambo ma ba ya jira. Digiri ana iya nemansa daga baya ko da wahala, ƙafa kuwa in ta tafi shi ke nan. Na yanke shawarar haƙura. Ban ji wani baƙin ciki mai yawa ba, na ɗauke shi kamar an canza mini ranar aiki. Baffa kaɗai na gaya wa, shi ma a tsaye, yana shirin fita.

Kwana kaɗan bayan haka, ina jera kayan wanki a kan tabarma, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Baba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ma ɗan fari ne a wurin Kaka. Ba ta kiran sunansa, ba ya shiga ɗakinta. Gaisuwarsu daga bayan asabari ake yi, a taƙaice, kamar ta mutanen da suka haɗu a hanya. Ya yi sallama, ta amsa tana kallon bango. Ya jawo turmi ya kifa a bakin ƙofa, ya zauna, rabin bayansa yana wajenmu.

Na ci gaba da aikina. Ina zuba ruwan gishiri na ji ya ce, yana kallon bishiyar da ke tsakar gida, "Ko me ya sa ba a sa ruwan zafi."

Ba wanda ya amsa. Sai da shirun ya yi tsawo na gane tambayar tawa ce. Na amsa ina kallon kwano: mai ciwon suga ba ya jin zafi a ƙafa, ruwan zai ƙone shi bai sani ba. Da na gama ya tashi ya tafi.

Washegari ya dawo, haka ma jibi. Na koma yin aikin ina faɗar abin da nake yi da ƙarfi, ba da kowa ba, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ana wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ana sa safar hannu. Ana goge ciwo daga tsakiya zuwa waje, audugar da ta taɓa wuri ba ta komawa. In an ga baƙi a gefen nama, ko an ji wari, ko jikinta ya yi zafi, ba a jira gobe, asibiti ake tafiya. Kaka ta ce, "Maigida, aljanu ka samu ne kake magana kai kaɗai?" Na ce karatu nake maimaitawa.

Wata safiya ya zo da sabulunsa a aljihu. Ya wanke hannu a bakin rijiya, ya cire takalmi, ya shigo ɗakin. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, amma ba ta janye ƙafar ba. Na miƙa safar hannu ba tare da na ɗaga kai ba, ya karɓa.

Daga cikin mayafi ta ce, "Maigida, wane ne wannan sabon ɗan aikin naka?"

"Wani ne daga Masanawa."

"To ka gaya masa ƙafar mutum ce, ba kofaton saniya ba."

Baba ya ce wa bango, "A ce mata ta daina motsi."

Na maimaita mata, ko da yake tsakaninsu bai kai kamu biyu ba.

Wankin ya yi daidai, amma da ya zo naɗi sai ya ɗaure kamar yana ɗaure maraƙi, har yatsunta suka fara canza launi. Ban taɓa gyara wa mahaifina wani abu ba, ban kuma san yadda ake yi ba. Na ce, "Kaka, in bandeji ya matse, jini ba ya kaiwa yatsu. Ana so yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa."

"Ni kake gaya wa? Ni na ɗaure?"

Baba ya warware, ya sake naɗawa, ya zura yatsa ya gwada. Ya sake yi washegari, da ranar da ta biyo baya, ina tsaye ina kallo, har ranar da ban sami abin gyarawa ba.

Da yammar ranar Baffa ya same ni ina wanke babur. Ya ce, "Yaya ya ce ana tambaya, wai su masu karatun nan yaushe suke tafiya?"

Na ce sabon wata.

"To. Ya ce a bar masa auduga da yawa."

Na ba da amsa cewa na karɓi gurbin a ranar aiki ta gaba, na tafi da wata ya kama. Ina dawowa wasu ƙarshen mako in duba wurin. A shekara ta biyu an cire mata ƙaramin yatsa, Baba ne ya ga baƙin ya kai ta asibiti a ranar. Sauran ƙafar tana nan, da ita take zuwa rijiya. Ranar da na kawo sakamakon digiri Baffa na nuna wa, a zaure, Baba yana zaune a gefe.